Wasan kacici-kacici na intanet a aji: in saka makinsa a C.A. ko in bari?

Malam Auwal, Nasarawa Gwom

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwa, barkanmu da ƙoƙari. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makaranta mai zaman kanta a nan Jos, kuma ajin da nake neman shawara a kansa yana da ɗalibai 54. Makonni uku ke nan da na fara amfani da Kahoot, wata manhajar wasan tambaya da amsa ta intanet, a darasin ranar Alhamis. Da yake makarantarmu ta haramta wa yara zuwa da waya, sai na nemi izini muka riƙa shiga ɗakin kwamfuta, inda kwamfutoci 12 ne suke aiki, na raba yaran huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ni kuma ina haska tambayoyin a bango da majigin makaranta.

Gaskiya ajin ya farka. Yaran da suke zama a kujerun baya, waɗanda sai a yi zango guda ban ji muryarsu ba, yanzu su ne suke tare ni a hanya suna tambaya ko za a yi wasa a wannan makon. Amma abu biyu sun dame ni. Rukuni uku ne kullum suke cinye gasar, kuma ranar Litinin da na ba da irin tambayoyin a takarda, kowa shi kaɗai, fiye da rabin ajin sun kasa haɗa rabi da sulusi, alhali ranar Alhamis rukuni goma cikin sha biyu sun danna amsa daidai. Sannan shugaban makarantarmu ya ga rahoton da manhajar take fitarwa, ya yaba da tsarinsa, ya ce me zai hana in ɗauki maki 10 daga cikin 40 na C.A., wato makin gwaje-gwajen cikin zango, daga wannan wasan, tunda zai rage mini wahalar duba takardu. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma na kasa tsara masa hujja. Waɗanda suka riga ni gwadawa, don Allah ku ba ni shawara: in amince, ko in ƙi? Kuma ta yaya zan sa wasan ya nuna mini ainihin abin da yara suka fahimta?

Malama Rifkatu, Bukuru

Malam Auwal, sannu da aiki, kuma na gode da ka kawo wannan magana fili. Shawarata ita ce kada ka amince, kuma hujjar tana cikin abin da kai da kanka ka rubuta. Kahoot yana ba da maki ne a kan abu biyu a haɗe, wato daidaiton amsa da saurin dannawa. Wanda ya amsa daidai nan take yana samun kusan maki 1,000, wanda kuma ya amsa daidai dab da ƙarewar lokaci yana samun kusan rabin haka. Ke nan yarinyar da ta tsaya ta nemo ƙaramin adadin da 2 da 3 suke shiga cikinsa kafin ta danna, za ta zo bayan yaron da ya yi cinke ya dace. A kan haka kuma, a rukuni na mutum biyar hannu ɗaya ne yake kan kwamfutar, kuma kusan kullum na wanda ya fi ƙarfin murya ne. Idan ka rubuta wannan makin a takardar sakamako, ka ba mutum huɗu shaidar abin da ba su yi ba, iyaye kuma za su karanta su ɗauka gaskiya ce.

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi a wurina. Gwaji iri biyu ne, ko da yake a makarantunmu mun cakuɗa su tun lokacin da aka shigo da C.A. tare da tsarin 6-3-3-4. Manomin dankali a Bokkos yana shiga gonarsa tsakiyar damina ya juya ganye, ya duba ko cuta ta fara kama shi, domin ya yi feshi tun da sauran lokaci. Ranar haƙa kuma yana ƙirga buhu. Wasan nan na shiga gona ne. Da zarar yara suka san cewa makin zai hau takardar sakamako, sai su fara ɓoye rashin saninsu, su leƙi allon maƙwabci, kai kuma ka rasa abin da ka shiga gonar dominsa. Paul Black da Dylan Wiliam, masana ilimi a Ingila, sun tattara bincike masu yawa a 1998, suka nuna cewa gwajin da malami yake amfani da sakamakonsa wajen gyara koyarwarsa yana ɗaga ƙwazon ɗalibai sosai, musamman masu rauni. Sharaɗin shi ne malamin ya canza wani abu a darasi na gaba saboda abin da ya gani.

Wannan ya kawo ni kan yadda ake rubuta tambayoyin, wanda a ganina nan ne aikin yake. Amsoshin kuskure guda uku da kake sakawa kusa da amsa daidai, kada ka cike su da duk lambar da ta zo maka. Kowace ta kasance kuskuren da ka san yara suna yi. A tambayar rabi da sulusi, amsa daidai 5/6 ce. Ka saka 2/5 domin wanda yake haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ka saka 1/6 domin wanda ya ninka maimakon ya haɗa, sai 2/6 domin wanda ya samo 6 a ƙasa amma ya manta bai canza na sama ba. Idan yara ashirin suka zaɓi 2/5, darasin gobe ya riga ya rubuta kansa: ka zo da lemo ka yanka, ka tambaye su yadda za a yi rabin lemo a ƙara masa wani abu ya koma 2/5, wanda bai ma kai rabin ba. Tambayoyi biyar irin wannan sun fi ashirin da aka sauke daga intanet, waɗanda wani malami ya rubuta wa ɗalibansa a wata ƙasa bisa wata manhajar karatu dabam.

Malam Kabiru, Farin Gada

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Na goyi bayan Malama Rifkatu a kan batun C.A., ba ni da abin ƙarawa. Ni malamin kwamfuta ne, don haka zan yi magana a kan kayan aiki, tunda matsalarka ta farko ta samo asali ne daga kwamfuta 12 ga yara 54.

Ka gwada Plickers. Ba ya buƙatar na'ura a hannun ɗalibi ko ɗaya. Ana buga wasu katuna a takarda, kowane yaro da nasa mai lamba, a jiki akwai wani zane baƙi mai gefe huɗu, A da B da C da D. Yaro zai juya katin, harafin da ya zaɓa ya koma sama, ya ɗaga, kai kuma ka zagaya ajin da kyamarar wayarka, manhajar ta karanta ta rubuta amsar kowa da sunansa. Katunan suna kaiwa 63, ke nan sun ishi ajinka. Haruffan ƙanana ne kuma zanen kowa dabam yake, saboda haka leƙen na kusa ba ya amfanar yaro, kuma babu makin sauri. Ka manna takardun a kan kwali domin su jure, amma ka guji ledar nan mai ƙyalli, don hasken taga yana hana kyamara gani. Ka kuma rubuta tambayoyin a takarda ka riƙe a aljihu, domin ranar da aka ɗauke wuta majigi ya mutu sai ka rubuta su a allo da alli, katunan kuma su ci gaba da aikinsu.

Idan kuwa kana son ci gaba da Kahoot ɗin, kana iya tsawaita lokacin kowace tambaya har minti huɗu, kana iya kuma cire maki daga tambayar gaba ɗaya. Akwai Quizizz, wanda aka canza wa suna zuwa Wayground a 2025, inda tambaya take fitowa a allon kowane ɗalibi yana tafiya da saurin kansa, ga kuma Google Forms ga mai son ba da aikin gida da zai duba kansa, ko da yake a nan sai ka tuna da gidajen da waya ɗaya ce, tana hannun mahaifi, ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i. Wajen shiga wasa kuma ka sa yara su yi amfani da lambarsu ta rajistar aji maimakon cikakken suna, domin bayanan yara amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Inda na ɗan saɓa da Malama shi ne batun sauri, domin ban ga ya kamata a kore shi kwata-kwata ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, yanzu kuma tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, WAEC ma ta fara bin wannan hanya. Na sha ganin ɗalibi mai ƙoƙari yana rawar hannu a gaban kwamfuta saboda bai taɓa amsa tambaya agogo yana ƙirgawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yara suka riga suka iya, kamar jadawalin ninkawa, babu laifi a yi gasar sauri a kansa.

Hajiya Binta, Tudun Wada

Ƙannena malamai, Allah ya yi muku albarka da wannan tattaunawa. Na yi ritaya bayan shekara 35 a aikin koyarwa, ban taɓa amfani da waɗannan manhajoji a aji ba sai dai na ga jikokina suna yi, amma matsalar da Malam Auwal ya kawo ta girmi intanet.

Malam Kabiru, na yarda da kai a kan abin da aka riga aka iya. Amma ka tuna su wane ne suke zaune a ajujuwanmu na Jos. Wani Hausa yake ji a gida, wani Birom, wani Angas, wani Fulatanci, tambayar kuma da Turanci take zuwa. Yaro sai ya karanta, ya juya ta a cikin kansa, sannan ya fara lissafi. Idan ka ba shi daƙiƙa 20, saurin karatun Turancinsa ka auna, kana zaton lissafi ka auna. Tun a shekarun 1970 wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna tsawaita, yaran da ba sa magana su ma suna shigowa. Ka karanta tambayar da babbar murya, Malam Auwal, idan da hali ka maimaita ta da Hausa, ka bar su su yi aiki a littafi tukuna, sannan a ɗaga kati ko a danna.

Abu na biyu, kada ka yi gaggawar bayyana amsa. Idan aji ya rabu, rabi a kan 5/6 rabi a kan 2/5, wannan ne lokaci mafi daraja a darasin, kuma wasan yana so ya wuce da kai zuwa tambaya ta gaba da kiɗa da jerin gwanaye. Ka tsaya. Ka ce kowa ya nemi wanda ya zaɓi abin da ya saɓa da nasa, ya gamsar da shi cikin minti biyu, sannan a sake jefa amsa. Eric Mazur, malamin fiziks a jami'ar Harvard, da wannan hanyar ya yi suna tun farkon shekarun 1990, kuma mu ma mun yi irin ta da alluna ƙanana da alli ba tare da mun san sunansa ba. Yaron da ya fahimci abu minti biyar da suka wuce ya fi malami tuna inda wahalar take.

Kada kuma zaɓin amsa ya maye gurbin rubutu. Mai cinke yana dacewa sau ɗaya cikin huɗu. Binciken da aka fi ambata a kan amfanin yawan gwaji, na Roediger da Karpicke a 2006, ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su rubuto abin da suka tuna daga karatu sun fi waɗanda suka maimaita karatun riƙe shi bayan mako guda, amma rubutowa suka yi daga ƙwaƙwalwa, ba a ajiye musu amsa huɗu a gaba ba. Saboda haka bayan kowane wasa ka ba da tambaya ɗaya a guntun takarda, kowa ya nuna yadda ya bi ya samu amsarsa, ka karɓa a bakin ƙofa. Waɗannan takardun su ne suka cancanci shiga C.A. idan har dole ne a ba da maki.

Malam Auwal, Nasarawa Gwom

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je wurin shugaban makaranta da hujjar Malama Rifkatu ta hannu ɗaya a kan kwamfuta, ya saurara, ya amince a bar wasan a waje da C.A., da sharaɗin in riƙa kawo masa rahoto a ƙarshen wata. Na buga katunan kamar yadda Malam Kabiru ya kwatanta, na gwada su jiya da tambayoyi huɗu kacal. Na tambaye su wanne ya fi girma tsakanin 0.5 da 0.25 da 0.125 da 0.45, sai yara 23 cikin 51 da suka zo suka zaɓi 0.125, saboda a ganinsu mai lambobi da yawa shi ne babba. Shekara huɗu ina koyar da wannan darasin ban san cewa haka suke tunani ba. Na bi shawarar Hajiya, ban faɗi amsa ba, suka yi muhawara, da aka sake ɗaga kati suka ragu zuwa 9. Waɗannan taran na rubuta lambobinsu, zan zauna da su ranar Talata da takardun kuɗi na wasa da layin lambobi.

Sai dai muhawarar ta cinye minti 25 daga cikin 40, ban taɓa darasin da na tsara ba, kuma ina da batutuwa uku da suka rage kafin jarrabawar ƙarshen zango. Malama Rifkatu, ke da kika daɗe kina yi, sau nawa kike yin irin wannan a mako ba tare da kin gaza kammala manhajar karatu ba?