Digirin harkar kuɗi da kalmar riba

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar digirin harkar banki da kuɗi ta ishe ni. Yaro ya shafe shekara 4 a jami'a, ya yi bautar ƙasa, a miƙa masa littafin shago ɗaya a Kantin Kwari ya kasa fitar da ribar wata. A ce an saro atamfa ta naira miliyan 1, an ba dillali bashi a miliyan 1 da dubu 100, ya biya bayan wata 3. Zai ce an ci dubu 100. Alhali a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a shekara, wato kusan kashi 8 a wata 3. In an koma sarin kayan nan sai an biya wajen miliyan 1 da dubu 78. Saura dubu 22, ba a cire kuɗin dako da hayar shago ba. Wanda bai iya lissafin riba ba, me ya karanta?

Na Dawanau: Alhaji ai ka faɗa da bakinka. Riba ake koya musu. Tun ajin farko lissafin ruwa a kan ruwa ne: a ranta dubu 100 a kan kashi 20, shekara ɗaya ta zama 120, ta biyu 144. Wannan ne ilimin da za a tura ɗan Musulmi ya nema?

Ɗalibin BUK: Baba, da girmamawa, ribar kasuwa Alhaji yake nufi. Ita halas ce. Kalmomi biyu ne a Larabci, ribhu da riba, rubutun boko ne ya haɗe su.

Na Dawanau: Yaro, kafin a haife ka mun san bambancin. Amsa min: ana koyar da kuɗin ruwa ko ba a koyarwa?

Ɗalibin BUK: Ana koyarwa, kamar yadda ake koya wa likita guba. Da lissafin ne ake gane cewa miliyan 1 da dubu 200 ta baɗi daidai take da miliyan 1 ta yau idan ma'aunin kuɗin ruwa kashi 20 ne a shekara. Kuma a BUK akwai cibiyar nazarin bankin Musulunci.

Hajiya Ma'aikaciyar Banki: Kwatancen guba bai dace ba, ƙanena, don da lissafin nan ɗin ake saka farashin murabaha. Tsarinta: ɗan kasuwa ya kawo takardar farashi daga mai kaya, banki ya saya da kuɗinsa, kaya su shiga mallakarsa, sannan ya sayar wa ɗan kasuwa da ƙarin da kowa ya sani, a yanka lokacin biya. Ko ya makara, farashi ba ya ƙaruwa. Tarar jinkiri sadaka ake bayarwa da ita. Inda ake ɓatawa shi ne a tura wa mutum tsabar kuɗi, ya kawo rasit daga baya. Banki bai mallaki komai ba, bai ɗauki kasadar asara ba, to an koma rance mai ruwa. Bankin Musulunci na Jaiz tun 2012 yake aiki, na TAJ tun 2019, kuma masu ilimin nan suke nema.

Na Dawanau: Hajiya, sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2017, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, biliyan 100, an ce kashi 16.47 a shekara. Ruwa ne aka naɗa masa rawani.

Hajiya Ma'aikaciyar Banki: Ijara ce, Malam. Kuɗin hayar kadara ne, tituna aka gina da kuɗin sukuk ɗin. Adadi da kaso ba su ke mai da abu haram ba, irin yarjejeniyar ce.

Malam Akanta: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Fitar da riba daga littafin shago aikin akanta ne. Mai digirin harkar kuɗi hasashe kawai ya iya. Wanda yake son aiki ya karanta akanta ya rubuta ICAN, jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya.

Ɗalibin BUK: Malam, akanta zai rubuta dubu 100 ɗin nan a matsayin riba, don da farashin saye yake aiki. Mu ne ke cire hauhawar farashi. Kuma muna da CIBN, jarrabawar ƙwararrun ma'aikatan banki, da CFA ta masu nazarin zuba jari mai mataki 3.

Malam Akanta: Nawa a ajinku suka ci ko matakin farko?

Ɗan Kwari: Jama'a, tambayata fa?

Na Dawanau: Sai Hajiya ta janye maganar haya tukuna.

Mai kula da zaure: Dare ya yi, an rufe. Abin da ya fito fili shi ne Hajiya ta kawo hujja mataki-mataki, kuma ba wanda ya rushe ta, don haka karatun harkar kuɗi yana da amfani, musamman ɓangaren bankin Musulunci. Na Dawanau bai kawo fatawa ko ɗaya ba. Malam Akanta ƙungiyarsa yake karewa. Alhaji kuma sai ya ɗauki akanta don littafin shago.