Neman taimako kan wasu tsofaffin alamomin kayan soja guda biyu

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina tara tsofaffin alamomin kayan soja a nan Damagaram, kuma kwanan nan wani dillali ya kawo mini guda biyu da ya ce an samu a akwatin ƙarfen wani tsohon soja. Ta farko ta ƙarfe ce, da anka ta jirgin ruwa a bayan zanen raƙumi, sannan da alamar Agadas irin wadda maƙeran Buzaye ke yi da azurfa. Ta biyu ƙyalle ne ruwan ɗorawa, an saƙa baƙin gizo-gizo a tsakiyarsa. Dillalin ya ce duka biyun na zamanin da Zinder, wato Damagaram, take babban birnin mulkin Faransa ne a Nijar. Ina roƙon masana su taimaka mini da bayani kafin in biya kuɗin.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da biyan kuɗin tukuna, domin zancen dillalin bai dace da tarihi ba. An mayar da babban birni Yamai a 1926, alhali irin waɗannan alamomin ƙarfe na kowace runduna ba su yaɗu a sojan Faransa ba sai daga shekarun 1930. Anka alama ce ta dukan rundunonin mulkin mallaka, ciki har da tirayar, wato sojan Afirka na Faransa, da ake kira 'yan Senegal tun kafa su a 1857, ko da kuwa mutumin Damagaram ne ko na Gure ya sa kayan. Saboda haka anka kaɗai ba ta nuna runduna. Raƙumin da alamar Agadas su ne suke karkata zancen zuwa ga sojan raƙuma masu sintiri a hamada, irin waɗanda suka zauna a Agadas da Ngigmi.

Abin da zai raba gardama yana bayan ƙarfen. Ka juya shi a hasken rana ka duba sunan maƙerin, wanda yawanci Drago ne ko Arthus-Bertrand na Paris, ko Augis na Lyon. Kamfanin Drago yakan buga adireshinsa, kuma titin Béranger ya riga titin Olivier Métra, yayin da Marne-la-Vallée na baya-bayan nan ne sosai. Idan ka ga harafin H ko G tare da lambobi, wannan shaidar rajistar hukumar soja ce, wadda aka fara bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Jikan Tsohon Soja:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan ta ƙarfen. Ƙyallen kuwa ba na Faransa ba ne ko kaɗan. Baƙin gizo a kan ruwan ɗorawa alamar runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kai Bama a 1943 don yaƙar Japan, kuma an ɗauko gizon ne daga tatsuniyoyin Asante na ƙasar Ghana, inda yake da wayo irin na Gizonmu na Ƙoƙi. 'Yar'uwarta runduna ta 82 tana da alamar mashi biyu da aka gitta a kan gammo. Ban yi mamakin ganin wannan ƙyalle a Zinder ba, tun da zirga-zirga tsakaninmu da Kano da Daura ta daɗe tana gudana, kuma Hausawa sun cika waɗannan rundunoni. Sai dai da wuya a ce mutum ɗaya ne ya sa su duka biyun.

Ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka goge ƙarfen da toka ko lemun tsami, domin hakan yana cinye ruwan zinariyar yana kuma dusashe fentin da aka gasa. Ƙyallen ma kada a wanke shi. Ka duba gefensa, idan akwai ramukan allura da guntayen zare, to an taɓa ɗinka shi a hannun riga. Kuma ka nemi dillalin ya haɗa ka da iyalan mai akwatin. Littafin aikin soja na kakanmu shi ne ya nuna mana rundunarsa da shekarun da ya yi, kuma abin yana yi mini ciwo in ga an raba alama da takardun mai ita saboda 'yan kuɗi kaɗan.

Ɗan Birni:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na duba bayan ƙarfen da madubin ƙara girma, na ga Drago da Olivier Métra, sannan harafin G da lambobi a ƙasa. A gefen ƙyallen kuma akwai ramukan allura.

Malamin Tarihi:
To, alamarka ta wajajen shekarun 1950 ce, kafin samun 'yancin kai a 1960. Ka kwafo lambobin da ke bayan G ɗin daidai yadda suke, domin kowace lamba runduna guda aka ba, kuma da ita za mu nemo sunan rundunar a kundin masu tara alamomin sojan Faransa.