Neman kalma: wayar da babu ita a zahiri

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da matasa yadda ake tura sautin da manhajar SDR# ta kamo daga rediyo zuwa cikin Audacity, manhajar naɗa da gyaran sauti, domin a duba zanen mitarsa, ba tare da ya fita ta lasifika ba. Da VB-Cable muke yi, wadda kwamfuta ke ɗauka kamar waya ce mai baki biyu, alhali kuwa manhaja ce. Me za mu kira wannan waya, kuma me za mu kira aikin?

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja: Wa alaikumus salam. A kasuwarmu kebul muke cewa, saboda haka ina ganin "kebul na bogi" ya wadatar.

Malamar Hausa, Idi-Araba: Bogi na nufin jabu, ita kuwa wannan tana aikinta tsakani da Allah. Ga aikin, "karkatar da sauti" ya dace, kamar yadda mai lambu ke karkatar da ruwa daga wannan fangali zuwa wancan.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Obalende: Ku ce "indararon sauti". Indararo yana karɓar ruwa ta baki ɗaya ya zubar ta ɗayan, ba ya mayar da shi baya, kuma haka wannan take: wanda ke son sauti ya je ya dawo sai ya girka biyu. Kebul kuwa ba Hausa ba ce, zaman Legas ne ya sa kunnuwanku suka saba.

Mai gyaran kwamfuta: Baba, da girmanka, ita "waya" daga ina muka samo ta? Kuma yaron da aka haifa a Agege bai taɓa ganin soron ƙasa ba, balle indararo.

Tsohon ma'aikacin rediyo: To sai a koya masa, ai makaranta ya zo.

Malamar Hausa: Mu koma kan buƙatar malam. Kowace kalma aka ɗauka, a faɗa wa ɗalibai su daidaita ɓangarorin biyu, mai turawa da mai karɓa, a kan awo ɗaya na yawan samfurin sautin da ake ɗauka, misali 48,000 a daƙiƙa, domin idan ɗaya yana kan 44,100 sautin na iya gurɓata, zanen kuma ya ruɗe su.

Mai tambaya: Na gode. Na ɗauki "karkatar da sauti". A takardar darasi zan rubuta "kebul na manhaja", indararo kuma in kawo shi a matsayin misali.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Misali kawai? Shi ke nan, amma a rubuta shi a allo.