Karin kumallo a Chennai lokacin bikin Pongal: me za mu ci da iyali?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum. Mun kawo mahaifiyarmu jinya Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu a ƙasar Indiya, kuma alhamdu lillahi likita ya ba ta izinin fita. Tunda zamanmu ya zo daidai da bikin Pongal, wanda Tamilawa ke yi a tsakiyar Janairu domin murnar girbi, ina so in kai ta gidan abinci tare da maiɗakina da yara mu karya da abincin mutanen gari. Me ya kamata mu saya, kuma akwai abin da Musulmi zai kauce wa?

Maman Usama:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku nemi gidan da ba a dafa nama ko kifi a cikinsa sam, kamar Ratna Cafe da ke unguwar Triplicane, wanda aka buɗe tun 1948, domin a irin wannan gida maganar yanka ba ta taso ba. Hajiya a fara mata da idli. Ƙullinsa na shinkafa ne da wani ƙaramin wake, a bar shi ya kwana ya tashi kamar ƙullin waina, sai dai shi turara shi ake yi babu ko ɗigon mai, ya fito fari tas, da laushin da ko marar haƙori zai ci. Ana kawo shi da miyar sambar mai tsamiya da kuma markaɗaɗɗiyar kwakwa. Yara kuwa dosa za su so, wato irin wannan ƙullin ne ake shimfiɗawa a kasko a soya, saboda faɗinta da ƙamas-ƙamas ɗinta.

Ɗalibi a Tamil Nadu:
Maman Usama ta yi bayani, amma a ganina wanda ya fita ranar bikin bai ci abincin da ake kira pongal ɗin kansa ba, bai ga komai ba. Iri biyu ne. Ven pongal shinkafa ce da wake da aka dafa suka yi luguf, da man shanu da masoro da citta da yazawa. Sakkarai pongal kuwa da mazarƙwaila ake yin sa, kuma zaƙinsa ya yi yawa ga mai ciwon suga, don haka Malam ka tuntuɓi likita kafin Hajiya ta taɓa. Wanda ake dafawa a tukunyar ƙasa a gidaje da wuraren bauta, a miƙa wa rana, shi ne za ku bari. Na gidan abinci na sayarwa ne.

Maman Usama:
Na manta, Malam, ku yi sammako, kuma ku guji rana ta huɗu ta bikin, Kaanum Pongal, domin ranar ce iyalai ke fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu zuwa bakin tekun Marina, kuma cunkoson zai wahalar da Hajiya.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In sha Allahu rana ta biyu za mu je bayan sallar asuba, kuma zan fara tambayar likita game da miyar, domin an hana ta yaji.