Jan biro ya cinye rubutun yaro

Baban Sani: Salamu alaikum ƴan uwa na Tahoua. Raina a ɓace yake. An ba ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, redaksiyon, wato rubutun labari da Faransanci, kan kasuwar Lahadi. Yarona ya rubuta raƙuman Buzaye, warin albasa, har da dillalin da ya rantse sau uku kan tunkiya guda. Da na karanta, kamar ina tsaye cikin kasuwar. Mushe, malaminsu, ya ba shi 3 bisa 10, takarda duk jan biro, ko kalmar yabo babu. Ƙidayar fot, wato kuskuren rubutu, kaɗai malamai suka iya. Ba mai nuna wa yaro yadda ake buɗe labari ko zaɓen kalma. Malaman yanzu malalata ne.

Madam ta CE2 (aji huɗu): Malalata? Baban Sani, ka janye wannan kalma. Ajina na zana ne, yara a ƙasa, da fitilar waya nake gyaran takardunsu da dare.

Ƙanen Baban Sani: Yaya bai ce dukanku ba.

Madam ta CE2: "Malaman yanzu" ya ce. Ni malamar jiya ce?

Tsohon darakta: Malalaci ba ya jan layi ƙarƙashin kowane fot. Wanda ya cika takarda da ja, ai ya karanta ta. A zamaninmu fot biyar a dikte, wato shifta, sifili ne, kuma mun iya rubutu.

Ɗan Adar: Baba, kun iya tsoro dai. Sambul, alamar horo, aka rataya muku a wuya don kun yi Hausa. Tun 1973 aka fara gwada karatu da Hausa a Damagaram, a 2025 ta zama harshen ƙasa a Nijar. Da yaron da Hausa ya rubuta, ina fot?

Tsohon darakta: Wace Hausar? Kai da ke rubuta "tahiya"?

Ɗan Adar: Haka uwata ke faɗi. Ba Kano aka haife ni ba!

Baban Sani: Jama'a, maganar yarona fa nake.

Mai kula da zaure: Ya isa. Na bi zancen duka, kuma shekarata 12 da alli a hannu. Abin da ya fito fili shi ne an zagi malamai ba hujja, Madam da Baba darakta sun ba da amsa mai gamsarwa. Baban Sani, ka nemi afuwa, ka sa yaro ya riƙa dikte a gida. Na rufe.