Haɗarin mota a Yamai: da wace shaida asirans ke yarda rauni mai tsanani ne?

Salamu alaikum. Tambaya ce da ke yawan dawowa: mota ta kaɗe mutum, ya sha jinya, amma kamfanin asirans ya ce raunin ba wani babba ba ne. Masu aikin likita, lauyoyi da na asirans da ke cikinmu, kowa ya kawo abin da ya sani.

Likitan ƙashi:
Wa alaikumus salam. Komai na rataye ne a kan sartifika ta farko, wadda likita ke rubutawa ranar haɗarin ko washegari, a Babban Asibitin Yamai ne, Lamorde ne, ko babban asibitin jihar Tawa (CHR). A tabbata akwai ranar haɗarin, ranar dubawa, sunan majinyaci daidai da na katinsa, kowane rauni da gefensa (dama ko hagu), kwanakin da ba zai iya aiki ba, sa hannu da hatimi. Inda ake asara shi ne ƙananan ciwuka. Mai karayar cinya ba ya tuna wuyansa ko haƙorin da ya girgiɗe, zafin cinyar ya danne komai. Bayan wata 3 in ya zo da ciwon wuya, likitan asirans zai tambaya: ina aka rubuta shi tun farko? Don haka a faɗi komai, har suman minti guda, amai, jiri, jini ta kunne.

Sannan radiyo, wato hoton asibiti, ƙashi take nunawa. Ba ta nuna tsinkewar jijiyar gwiwa, wannan sai IRM, hoton da ke nuna nama da jijiyoyi. Jini cikin kai kuwa sai sikana. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, gindin babban yatsa, da karayarsa kan ɓuya a hoton farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Tsofaffi kuma jini kan taru musu a kai sannu a hankali, sai bayan makonni a ga mantuwa ko jan ƙafa. Duk sabuwar alama a koma asibiti a sa ta a takarda.

Wata nas:
Dokta, a ƙara maganar maɗori. Mutanenmu da yawa su kan ɗauke majinyaci kafin a yi hoto, su dawo bayan wata 2 ƙafa ta kama a karkace. Ban hana kowa abin da ya yarda da shi ba, amma maɗori ba ya ba da takarda, kuma kamfani zai ce ɗaurin ne ya gajarta ƙafar, ba motar ba. Ko za a tafi, a yi radiyo da sartifika tukuna. A adana ordonas tare da rasit ɗin farmasi, takardar kwanciya da ta sallama, da rahoton tiyata in an sa ƙarfe. Rasit na na'ura rubutunsa gogewa yake cikin zafin nan namu, a yi fotokopi tun da wuri. Kada a miƙa wa kowa na asali ba tare da an riƙe kwafi ba.

Lauya:
Hajiya ta yi gaskiya. Nijar na ƙarƙashin dokar CIMA, wato dokar asirans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ita ta tsara yadda ake lissafin diyya, alƙali ba ya yanke kuɗi don tausayi. Takarda biyu ke tafiya tare: rahoton ƴan sanda ko jandarma, mai nuna mota ce ta yi, da rahoton likita mai nuna abin da ta yi. In aka sasanta a bakin hanya ba a yi konsta ba, wato rahoton ƴan sandan, takarda ɗaya ta tafi.

Lamba mafi nauyi ita ce kason nakasa ta dindindin. Shi ake haɗawa da shekarun mutum a fitar da kuɗi. Akwai matakai da ya kamata a sani: sai nakasa ta kai kashi 50 cikin 100 ake biyan asarar abin da mutum zai samu nan gaba, sai ta kai 80 ake maganar kuɗin mai kula da shi. Tsakanin 45 da 50 ke nan ba ƙaramin abu ba ne. Azabar da aka sha da munin tabo kuma suna da mataki 8, daga kashi 5 na SMIG (mafi ƙarancin albashi) na shekara zuwa kashi 300. Wanda ba ya da shaidar abin da yake samu, kamar ɗan kabu-kabu ko mai tebur a Katako, da SMIG ake yi masa lissafin kwanakin jinya, jaka 42 a wata. Ma'aikaci ya kawo takardun albashi na wata 6 kafin haɗarin.

Wani memba:
Metir, to in kamfani ya kira mutum da wuri ya ce ga kuɗi fa?

Lauya:
A karanta takardar da kyau, Malam. In kafin alƙalami ne, a karɓa, doka ta san da shi. In rufe magana ce, kada a sa hannu kafin likita ya rubuta cewa raunin ya tsaya, ba ya gaba ba ya baya. Kafin wannan ba wanda zai iya auna nakasa. Wanda ya riga ya sa hannu yana da kwana 15 ya janye ta wasiƙa mai rajista, in an saɓa wa dokar CIMA. Na yaro ƙarami kuwa, sa hannun uba kaɗai bai isa ba, sai da izinin alƙali ko majalisar dangi. Haƙƙin kai ƙara na faɗuwa bayan shekara 5 da haɗarin.

Tsohon ma'aikacin asirans:
Ranar gwajin likitan kamfani ita ce ranar shari'a ta gaskiya. Dole a sanar da kai aƙalla kwana 15 kafin nan, kuma kana da ikon zuwa da likitanka, kai za ka biya shi. Kaɗan ke yin haka. Ka zo da hotunan radiyon kansu, ba rahoton kawai ba, a jere bisa kwanan wata. Zai auna gajartar ƙafa da santimita, lanƙwasar gwiwa da digiri, kaurin cinya idan aka gwada da ɗayar. Abu biyu ke ɓata lissafi: kara da ƙari. Wani a tambaye shi ya jiki ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi", a rubuta ya warke. Wani kuma ya shigo yana ɗingishin da hoto bai goyi baya ba, daga nan a daina yarda da sauran maganarsa. Faɗi abin da ka kasa: durƙuso a banɗaki, zaman tahiya, taka giyar moto, ɗaukar buhu. Tsohon ciwo kada a ɓoye, hoto na bambanta tsohuwar karaya da sabuwa.

Likitan ƙashi:
In ba ka yarda da kason da ya ba ka ba, nemi kwafin rahoton, haƙƙinka ne, ka kai wa wani likita ya auna da kansa. In suka saɓa ana iya kiran na uku, ko lauya ya roƙi kotu ta naɗa nata. Mai mutuwar hannu ko ƙafa ya nemi gwajin jijiya da ake kira EMG, amma sai bayan kamar mako 3 da raunin, kafin nan bai cika nuna ɓarnar ba.