Ciyaman zai iya cin bashi a kan harajin da ba a karɓa ba tukuna?

Mai Rumfa:
Salam 'yan uwa. Ina da rumfa a kasuwar garinmu, jiya mai yankan rasit yake ce mana wai ƙaramar hukuma za ta ranci kuɗi a banki ta biya albashi, ta jinginar da kuɗin rumfuna da na tasha na baɗi. Abin ya tsaya min a rai wallahi, kuɗin da ko aljihunmu bai shigo ba ya za a yi a cinye shi tun yanzu? Doka ta yarda?

Tsohon Akanta:
Malam, dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta Najeriya, yadda aka zartar da ita a 2007, a sashe na 41 cewa ta yi kowane matakin gwamnati ba zai ci bashi ba sai don manyan ayyuka da gina al'umma, da ruwa mai sauƙi, kuma sai majalisa ta amince inda ake buƙatar hakan. Albashi ba ya ciki. Sashe na 45 ma ya ɗora wa bankin kansa ya nemi shaidar an bi ƙa'ida kafin ya saki ko kwabo.

Baƙon Amurka:
Yallaɓai mu nan ana yi, saboda harajin gidaje sau biyu yake shigowa a shekara alhali albashi ba ya jira, amma fa da iyaka, a jihar Illinois hukumar makarantu ba za ta wuce kashi 85 cikin 100 na harajin da aka riga aka yanka ba, kuma da ya shigo bashin ake biya da shi. Birnin New York ya yi ta ranta a kan harajin da ba zai taɓa karɓuwa ba, yana biyan tsohon bashi da sabo, a 1975 bankuna suka juya masa baya, saura ƙiris ya durƙushe.

Hajiya Mai Atamfa:
Can ai an san adadin kafin a ranta. Mu nan wa ya san nawa kasuwa ke tarawa? Ranar kasuwa sai yaro ya zo ya karɓa ya ce rasit ya ƙare. Ɗana, ku je da shugaban 'yan kasuwa wajen kansilanku ku tambaya ko an kawo maganar gaban majalisa.

Mai Rumfa:
Na gode Hajiya, gobe in sha Allah bayan la'asar za mu same shi.